Injiniya Dikko Ya Je Ɗauko Mai Jego

Ni Dikko ma'aikacin gwamnati ne a Birnin Kebbi, kuma aikina bai wuce buga hatimi da jera fayil a kan kanta ba. Ban taɓa kwana ɗaya a garejin kowa da sunan koyo ba. Amma akwai lokacin da in aka ce "Injiniya" a unguwarmu ta Nasarawa, ni ne mai waiwayowa, kuma don Allah kada a tambayi wanda ya raɗa mini sunan, domin ni ne.

Abin ya samo asali ne daga wata 'yar na'ura da na saya, girmanta bai fi ashana ba. Ana soka ta a ƙarƙashin sitiyari, sai ta yi magana da waya, ta faɗi ciwon mota. Ranar da ta iso hannuna na je majalisarmu da ke gindin dogon yaro, daura da garejin Sunusi maƙwabcina, na ɗaga ta sama na sanar da jama'a cewa zamanin masu kara kunne a jikin inji kamar masu sauraron gulma ya wuce. Sunusi, wanda ya shekara ashirin yana kwanciya a ƙarƙashin motocin mutane, ya goge hannunsa da tsumma ya ce Allah ya sa albarka. Na ɗauka ya sallama ne.

A lokacin matata Kulsumi tana Argungu, gidan iyayenta, tana wankan jego na haihuwar fari. Mun sami 'ya mace, Ummu Hani. Surukata Inna Laure ta so ta riƙe su wata uku, sai da na tura manya aka yi ta ban baki kafin ta yarda da kwana arba'in, bisa sharaɗi ɗaya: jikarta ba za ta shiga gida mai ƙazanta ba. Na aika mata cewa ko allura ta faɗi a tsakar gidana za a gan ta daga bakin ƙofa.

Ranar suna, da zan dawo, aka loda mini buhu biyu na shanshera, wato shinkafa mai ɓawo, daga fadamar surukina Baba Ɗankure, da wata jaka ta kayan jaririya. A cikin jakar akwai majanyi na saƙi, baƙi da fari mai jan layi a tsakiya, wanda Inna Laure ta goyi Kulsumi da shi, ta adana shi shekara ashirin da uku saboda wannan rana. Sau uku Kulsumi tana jaddada mini in sa jakar a cikin wadrob. Da na iso gida na gaji, na sauke buhunan a rumfar mota, na ɗora jakar a kansu, na faka motar a gefe, na kira Kulsumi na ce an sa a wadrob har an rufe da makulli.

Motar tsohuwa ce, ta girmi aurenmu nesa ba kusa ba, amma ba ta taɓa ba ni kunya ba. Ganin tsadar mai, sai na bar ta a nan na koma hawan kabu-kabu zuwa ofis. Sati huɗu ba wanda ya taɓa ta. A cikin satin nan huɗu na gano cewa ashe gida ba ya share kansa. Kwanonin da na ci garau-garau suka yi tsiri a bakin rijiya, ɓeraye suka buɗe filin tsere a cikin silin. Kullum Kulsumi ta tambayi gida a waya, in ce sai ƙyalli yake. Gaskiya ina kewarta, kewa mai tsanani, kuma 'yar tawa sau biyu kacal na gan ta, shi ma a sace, don kunyar 'yar fari. Kwanakin nan ƙirga su nake kamar ɗan fursuna.

Ana saura kwana uku arba'in, ran Laraba, na shiga motar na murɗa makulli. Ta tashi, amma da wani irin nishi. Sai ga wata 'yar wuta ruwan ɗorawa mai siffar inji ta kama a gaban sitiyari, wadda ake ce wa cek injin. Na fita da ita titi, na taka totur har ƙasa, motar ta yi kamar tana tunanin maganar. Wani a kan keke ya wuce ni yana cin rake.

Wani mutum zai damu. Ni murna na yi, domin ranar da na'urata za ta nuna kanta ta zo.

Na tura motar gindin dogon yaro inda kowa zai gani, na soka na'ura, na riƙe waya a nesa da fuska kamar likita mai duba hoton ƙashi. Ta fito da wata lamba, a ƙarƙashinta jerin abubuwa takwas da ka iya jawo matsalar. Na farko a jerin cewa ya yi a buɗe akwatin matatar iska a duba ko ta toshe. Na tsallake shi. Aikin ƙugiya huɗu ne da ake ɓallewa da yatsa, ko mai wankin mota zai iya, kuma ba a tara jama'a don a ɓalle ƙugiya. Na gangara can ƙasa inda sunayen suka fi tsawo, na sanar da majalisa cewa ƙwaƙwalwar motar ce ta rikice, tana bukatar a mantar da ita.

Sunusi ya leƙo ya ce in ba shi minti biyar ya duba wani abu. Na ce masa ya huta, wannan ba aikin guduma ba ne.

Na cire kan batir na jira kwatan awa, na mayar. Wuta ta mutu. Na zagaya majalisa ina karɓar hannu, har mai shayi ya ƙara mini madara ba tare da na roƙa ba. Na shiga don in yi zagayen nasara, ban kai kwanar masallaci ba wutar ta dawo, ta tarar da rediyo ya kulle kansa yana neman wata lambar sirri da mai motar na farko ya tafi da ita lahira. Agogo kuma ya koma sha biyu.

Ran Alhamis na ce mai ne, an sayar mini da gurɓatacce. Na sa tiyo a tanki na zuƙa da baki kamar yadda na ga ana yi, na sha rabin kofi, na yini ina gyatsar fetur, har liman ya matsa gefe a sahu. Man da na zuƙe na ba wa wani ɗan kabu-kabu kyauta don ya zama shaida a kan lalacewarsa. Ya zuba a babur ɗinsa, ya yi garin Ambursa sau biyu ya dawo, ya zo yana tambaya ko akwai saura.

Da yamma na kira Kulsumi. Don in nuna mata irin hidimar da nake saboda ita, na buɗe lasifika na kara wayar a jikin inji, na taka totur. Ban san tana zaune a tsakar gida kusa da Baba ba. Baba Ɗankure ya fi shekara talatin yana noman rani a bakin gulbi, kuma duk injin ban ruwan da ya ƙi tashi a yankinsu wurinsa ake kawowa. Tsakanina da shi akwai surukuta irin ta da: in na je na tuɓe takalmi tun daga zaure, in durƙusa, ya amsa yana kallon wani wuri. Bai taɓa kiran sunana ba, ban taɓa cin abinci a gabansa ba, kuma duk maganar da ke tsakaninmu ta bakin Kulsumi take bi.

Na ji muryarsa can nesa yana magana da ita. Sai ta ce, "Baba ya ce in gaya maka motag ga ba ta samun numhwashi. Ya ce ka buɗe wurin iska ka diba."

Na kashe lasifika na rage murya. Na ce ta gode wa Baba ƙwarai, amma ta fahimci cewa injin ban ruwa daban, mota mai ƙwaƙwalwa daban. Na ƙara da cewa kwamfuta ta riga ta yi magana. Ta ce to, Allah ya kawo ni lafiya ran Asabar, Inna ta ce da hantsi za a yi sallama.

Ran Juma'a na sauya fulogi. Na cire wayoyinsu guda huɗu gaba ɗaya don in yi sauri, na tsaya ina kallonsu, duk kamarsu ɗaya. Na mayar da su yadda zuciyata ta ba ni. Da na tayar, motar ta kama rawa, salansa ta saki wata ƙara da ta sa awakin Baiwa maƙwabciyarmu suka tsinke igiya, wani tsoho da ke alwala ya bar butarsa ya shige gidan da ba nasa ba. Baiwa ta fito da muciya a hannu tana tambayar ko sojoji ne. Na ce gwaji ne. Sunusi ya tsallako titi, ya sauya wayoyi biyu, rawa ta tsaya. Ya miƙa hannu wajen wani baƙin akwatin roba da ke gefen injin, na rufe bonet da sauri har na kusa datse masa yatsa.

"Injiniya, bari in buɗe wanga akwati ɗai," in ji shi.

"Sunusi, na gode. Wayoyin ma da gangan na juya su, ina son in ji yadda za ta amsa."

Ya ce ai kuwa ta amsa, unguwa duk ta ji.

Wutar dai tana nan. Na yi tunani mai zurfi, na gano cewa abin da Inna Laure ba ta gani ba ba zai dame ta ba. Na yanko baƙin salatif na manne a kanta. Daga nan na shiga gida na kwashe kwanonin na tura ƙarƙashin gado, na watsa ruwa a tsakar gida, na kunna turaren wuta. Na gaya wa Baiwa ta tara mata gobe da la'asar, a tarbi mai jego da guɗa, don ina son a san cewa matar Injiniya ce ta dawo.

Asabar na fito tun bakwai da babbar riga da hula zanna. Tafiyar Argungu da na saba yi cikin ƙasa da awa ɗaya, ranar ta zama aikin Hajji. Motar ba ta wuce gudun mai keke, in ta ga ɗan tudu sai ta yi kamar za ta nemi izinin komawa. Keke napep ɗauke da buhunan albasa ya wuce ni. Tirela ta bi bayana tana ham har direban ya gaji ya leƙo ya tambaya ko gawa na ɗauko. Wajen Ambursa wani mai amalanken shanu ya jera da ni, muka gaisa, muka yi hirar damina, sannan ya ce in yi haƙuri shi yana sauri. Zafin rana ya narkar da salatif, ya zame, wutar ta leƙo tana kallona. Sau huɗu ina tsayawa in soka na'ura, sau huɗu tana ba ni jerin nan, na farkonsa yana nan inda yake.

Na shiga Argungu ana kiran azahar. A ƙofar gidan surukaina akwai 'yar gangara da ake hawa kafin a kai dakali. Motar ta hau rabi, ta yi tari biyu, ta mutu, ta fara silalowa baya a hankali, ni kuma ina ciki ina ɗaga wa dattawa hannu. Mutanen da suka fito daga masallaci ne suka tare ta da duwatsu.

Baba Ɗankure yana zaune a kan dakali da abokansa. Kayan Kulsumi an fito da su zaure tun hantsi, an ɗaure. Na fito na tuɓe takalmi na durƙusa a cikin rana, babbar rigata ta jiƙe sharkaf. Ya amsa gaisuwa yana kallon bishiyar mangwaro. Da aka tambayi abin da ya tsayar da ni, na miƙe na fara bayani a kan ƙwaƙwalwar mota da yadda zafin ƙasarmu ke rikita ta, na ciro waya ina nuna wa dattawa lambar. Suna ta gyaɗa kai, har na fara jin daɗin kaina.

Baba bai dube ni ba. Ya juya wajen zaure inda Kulsumi take tsaye a bayan labule, ya ce, "Kulsumi, tambayi mai gidanki ko ya yarda in taɓa motatai."

Duk duniya ba surukin da zai ce a'a. Na buɗe bonet da hannuna.

Ya taso a hankali, ya naɗe hannun riga, ya ɓalle ƙugiyoyin nan huɗu da babban yatsa, ɗaya bayan ɗaya, ya ɗaga murfin. Wani wari ya bugo. Akwatin cike yake taf da shanshera da ɓawonta, da audugar katifa, da guntayen leda, har ba a ganin matatar. Ya sa hannu ya ɗebo, ya murza a tafinsa, ya nuna wa na kusa da shi.

"Shinkahwata ce," in ji shi. "Ta bakin gulbi. Kusa sun yi ɗaki cikin mota."

Ɓeraye yake nufi. Kamar don su gaskata shi, wata uwar ɓera ta fito daga bututun, ta bi ta kan hannun rigarsa ta dira ƙasa ta shige zaure. Mata suka watse da salati. Ashe tun daga Birnin Kebbi nake tuƙa fasinja.

Na ce lalle wannan yana cikin abubuwan da kwamfuta ta ambata, kuma dama shi nake shirin dubawa. Dattawa suka fara danne dariya. Baba ya ci gaba da kwashewa yana tarawa a ƙasa. Can ƙasan sheƙar ya jawo wani tsumma, ya karkaɗe shi. Saƙi ne, baƙi da fari, da jan layi a tsakiya, bai fi tafin hannu ba, gefensa duk cin haƙori. Ya jawo na biyu, ya jawo na uku.

Labulen zaure ya motsa. Inna Laure, wadda tun da na auri 'yarta ba ta taɓa tsayawa a inda nake ba, ta fito har bakin mota da lulluɓinta. Ta karɓi tsumman ta juya shi. Na ga Kulsumi ta rufe baki da gefen mayafi, idonta ya cika. A nan ne dariyar da dattawa ke dannewa ta koma ciki, ni kuma na ji da ma ƙasa ta tsage in shige. Duk abin da na yi a kwana ukun nan wauta ce da za a yi wa dariya, amma wannan ƙarya ce na yi wa matata, kuma ga ta a hannun uwarta.

Inna ba ta ɗaga murya ba, ba ta kuma dube ni ba. Da 'yarta ta yi magana.

"Kulsumi, wadrob ɗin gidanku cikin injin mota yake?"

Kulsumi ta sunkuyar da kai. Inna ta ci gaba.

"In kusa sun ci majanyi, mi za su yi wa yatsun jinjira? A mai da kaya ɗaki."

Na durƙusa na fara rantsuwa cewa rumfar mota ce kaɗai, cikin gida kuwa tsaf yake. Kulsumi ta dube ni ta gefen labule ta tambaya a hankali ina kwanonin da ta bari. Na kama gyaran hulata. Ta ce ta gane.

Baba ya buge matatar a jikin dakali, ya hure ta, ya mayar, ya ɓalla ƙugiyoyi. Ya ce wa Kulsumi ta ce mini in tayar. Murɗawa ɗaya motar ta kama da wata lafiyayyar murya da na manta tana da ita. Duka aikin bai kai minti biyar ɗin da Sunusi ya roƙa ba.

An ba ni abinci a zaure ni kaɗai, ban iya ci ba. Aka miƙo mini Ummu Hani na riƙe ta ɗan lokaci, ta kama yatsana ta ƙi saki, sai da aka ɓamɓare. Da zan tafi, Inna ta aiko da wani kwando an rufe shi da tsohon zane, aka sa a kujerar gaba inda ya kamata Kulsumi ta zauna. Na ɗauka tsaraba ce, har na fara godiya, sai kwandon ya yi kuka. Kyanwa ce, ramammiya, mai ido ɗaya da rabi.

Kulsumi ce ta kawo saƙon har bakin taga. "Inna ta ce ka tahi da mussa. Kada ka ba ta komi. Ranar da ta kwana da yunwa a gidanka, ka zo ka ɗauke mu."

Komawa gida motar ta yi gudun da ba ta yi ba tun tana budurwa. Na wuce mai amalanken nan yana dawowa, na yi kamar ban gan shi ba. Daidai Ambursa wutar ta mutu da kanta, ba wanda ya roƙe ta. Saurin ma ya zame mini bala'i, domin na iso Nasarawa daidai la'asar, lokacin da na ce wa Baiwa.

Mata sun cika ƙofar gida, majalisa ta taso gaba ɗaya, Sunusi yana gaba. Tun daga kwana Baiwa ta toshe hanci ta saki guɗa. Na tsaya. Ta zagayo da gudu ta buɗe ƙofar gaba tana miƙa hannu biyu don ta karɓi jaririya. Kyanwar ta yi tsalle ta bi ta tsakanin ƙafafunta ta shige rumfar mota kamar wadda aka ba adireshi. Guɗar ta tsinke a tsakiya.

Sunusi ya leƙa kujerar baya, ya leƙa but, ya dawo ya tsaya kusa da ni. Ya saurari injin da ke aiki lafiya lau, ya gyaɗa kai.

"Injiniya, mota ta gyaru. Mi kwamhwuta ta ce?"

Na ce masa ƙugiya huɗu ne. Ya ce ya sani.

Na'urar tana cikin aljihun mota, ban sake soka ta ba. Na wanke kwanoni, na kwashe buhuna, na toshe ramuka da siminti, na kai guntayen majanyin wurin wani masaƙi ko zai iya yin irinsa, ya ce zai gwada amma Inna za ta gane. Kullum da safe kafin in tafi ofis nakan durƙusa in duba cikin kyanwar, yadda ban taɓa duba injin ba, kuma kullum Kulsumi takan kira ta tambayi lafiyarta kafin tawa.

Yau kwana goma sha ɗaya. Kyanwar sai ƙiba take yi.